Ƙwaryar Sulle da Birkin Motar Saude

Wanda ya fara tsayar da mota a gaban ƙwaryar nono a ƙasar Karaye da Rogo shi ne marigayi Malam Sulle direba, mutumin Kafin Dafga, a kakar shekarar 1988. Duk wanda ya ambata muku wani suna daban, to ji ya yi, bai gani ba.

Ga asalin abin. Sulle ya ɗauko gyaɗa a akori-kurarsa yana gangarowa wajen Zoza, sai wata Bafillatana mai suna Tasalla ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar hanya, ta bi ɗan maraƙinta da ya tsinke. Sulle ya taka birki, mota ta tsaya. Tsakanin tayarsa da ƙwarya bai kai tafin hannu ba, nono kuwa ko ɗigo bai zuba ba. Da Tasalla ta dawo ta ga haka, sai ta juye nononta a wani mazubi, ta ba shi ƙwaryar kyauta. Labari ya kai tashar Rogo, direbobin can suka ce sa'a ce. Sulle bai yi musu da kowa ba. Ya ce a taru a tsohon ramin marmara da 'yan kwangilar hanya suka bari kusa da Zoza, a ajiye masa ƙwarya, ya sake. Aka taru, ya sake. Ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin rami ranar, ni Audu, a lokacin ina jan motar haya tsakanin Karaye da Kano.

Tun daga wannan shekara, kowace kaka bayan an gama roron gyaɗa, direbobin Karaye da na Rogo suna haɗuwa a ramin nan, kuma ka'idojin da aka fara da su ba su sauya ba. Motar da za ta shiga sai ta zama ta neman abinci, wadda jama'a suke gani a kan hanya. Direba zai zagaya ramin, hawa da gangara, har birki ya ɗau zafi sosai. Sannan ya fuskanci gangara ta ƙarshe, wadda a ƙarshenta aka ajiye ƙwarya cike da nono. A tsakiyar gangarar akwai turke, ba a taɓa birki sai an wuce shi, alƙali kuma yana zaune gefen direba yana kallon ƙafarsa da allurar gudu. In mota ta tsaya, sai a yanki karan dawa daidai da tazarar da ke tsakanin taya da ƙwarya. Mai gajeren kara shi ya ci. Wanda ya taɓa ƙwarya ya fita, ya kuma tafi da kunya.

Ƙwaryar Tasalla kuwa, wadda yanzu ake kira ƙwaryar Sulle, ba a ajiye ta a ƙasa. Ita ce abin da ɓangaren da ya ci yake ɗauka ya tafi da shi. Sulle da bakinsa ya kafa sharaɗi ɗaya a kanta: in ta yi kaka bakwai a jere a ɓangare ɗaya, ta zama tasu har abada. Ya kafa shi ne a zamanin da babu mai ja da shi, bai taɓa zaton sharaɗin zai juyo kan gidansa ba.

A shekarar da nake ba da labari, ƙwarya ta yi kaka shida a rataye a tashar Rogo Sabon Gari. Wanda ya riƙe ta Maikuɗi ne, kuma ba zan rage masa ba, direba ne na gaske. Saura kaka ɗaya ƙwaryar Sulle ta zama ta mutanen Rogo, ba a ƙara yi mata takara.

Fatan Karaye duk ya rataya a kan jikan Sulle, Yusha'u, wanda yake jan wata Golf fara. Motar ba tasa ba ce. Ta gwaggonsa ce, Hajiya Saude, 'yar Sulle ta fari, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda da motar take kai kayanta kasuwanni. Yusha'u yana da hannu, yana da ido, amma a kakar da ta gabata birki ya ba shi kunya. Takalmin birkin da ke motar, wato guntayen nan da suke matse faifan taya in an taka, mai laushi ne irin na yau da kullum. A hanya ba shi da laifi. Da ya sha zafin zagayen rami kuwa, sai ya saki. Yusha'u ya taka har ƙasa, mota ta bi ta kan ƙwarya, nono ya wanke gilashin gaba. Shekara guda cur, duk sa'ad da ya shiga tashar Rogo sai wani ya ɗaga murya: “Angon nono ya iso! A kawo fura?”

Wannan ciwo ne ya kai shi ga kuskure na biyu. Wani abokinsa direba, Mu'az, ya kawo masa takalmi daga Kano, ya ce irinsa 'yan tseren ƙasashen waje suke sawa, ba ya jin zafi ko kaɗan. Yusha'u ya sa wa motar ba tare da ya gaya wa mai ita ba.

Ranar kasuwar Rogo suka fito da sassafe, raɓa na kan ciyawa, Saude a gaba, jarkokin mai a baya. Tun daga ƙofar gida birki yake ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ba su yi nisa ba, garken shanu ya fito zai tsallaka hanya. Yusha'u ya taka, mota ta ci gaba da tafiya kamar ba ita aka yi wa magana ba. Ya murɗa sitiyari, ya faɗa gefen wata gonar dawa, mota ta tsaya cikin kara. Ba wanda ya ji rauni, mutum ko dabba, sai jarka ɗaya da ta kife, mai ya malale.

Saude ta fito, ta gyara mayafinta, ta dubi man da ke bin ƙasa, sannan ta dubi ɗan ƙanenta.

“Yusha'u.”

“Na'am, Gwaggo.”

“Me ka sa wa motar nan?”

“Birkin 'yan tsere ne, Gwaggo. Shi sai ya ɗau zafi yake kamawa.”

“To madalla. Saniyar ka aika mata ta jira ya ɗau zafin?”

Ya sunkuya ya ɗaga jarkar da ta kife. Suka lallaɓa suka je kasuwa, suka lallaɓo gida. A ƙofar gida ta miƙa hannu, ya ba ta mukulli, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Washegari Yusha'u ya zo ya durƙusa a gabana, ya roƙi in je in ba ta haƙuri, domin ni na taso ƙarƙashin mahaifinta, kuma tana jin nauyina. Ya zo da shawara a shirye: a mayar da takalmi mai laushi don kasuwa, ranar rami a sa mai tauri, in an gama a cire. Na raka shi. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da sana'a da gajiyar jiya, na shimfiɗa mata maganar yadda ya ba ni.

Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, “Baba Audu, tambaya ɗaya zan yi maka, kai ka san zamanin. Mahaifina ya taɓa sauya wa motarsa takalmi saboda rami?”

Na ce, “Bai taɓa ba. Da birkin da yake ɗaukar gyaɗa, da shi yake tsayawa a gaban ƙwarya.”

“To abin da ya yi shi za a yi. Takalmi ɗaya: da shi kasuwa, da shi rami. In babu irinsa a duniya, ƙwarya ta zauna a Rogo, ba ni na kafa sharaɗin ba. Ni dai ba za a kwance mini mota yau a ɗaure gobe ba, wata rana a manta da mai tauri a ciki, in je in kwana a gonar mutane.”

Yusha'u ya ce, “Gwaggo, ƙwaryar Kaka ce fa.”

“Ubana ne kafin ya zama kakanka. Ka shirya, jibi za mu Kano, da ni za a saya.”

Suka je kasuwar Ƙofar Ruwa, shagon wani Alhaji Bahauddeen, wanda gidansu ya daɗe yana sayen kayan mota a wurinsa. Abin da aka yi a can daga bakin su biyun na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Saude ta ba shi labarin rami da labarin shanu, ba ta rage komai ba, Yusha'u yana tsaye yana kallon ƙasa. Alhaji ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ɗauko takalmi iri uku ya jera a kan tebur.

Ya taɓa na farko. “Wannan shi ya sha muku nono. Ba ya ƙara, yana kamawa tun da sanyin safiya, ba ya cin faifai. Amma in zafi ya yi masa yawa, sai ya koma kamar sabulu.”

Ya taɓa na biyu. “Wannan kuma shi ya zubar muku da mai. An yi shi ne don masu tsere a kan kwalta, waɗanda suke wuni suna gudu. Yusha'u, zagayen ramin naku yana ɗaukar tsawon me?”

“Kamar a sha shayi a tashi, Alhaji.”

“To ka ji. Kafin ya farka daga barci kun gama wasanku.”

Saude ta nuna na uku da baki. “Wannan fa?”

“Wannan na tsakiya ne, Hajiya, an gauraya shi da ƙarfe daidai gwargwado. Yana kamawa da sanyi, ko da yake bai kai na farko taushi a ƙafa ba. Yana jure zafi, ko da yake bai kai na biyu ba. Zai baƙanta miki rim, wato ƙarfen tsakiyar taya, da toka, zai ɗan ci faifai, wani sa'in ki ji ya yi 'yar ƙara in za a tsaya.”

“Wato dai bai fi kowa a komai ba.”

“Bai fi ba. Amma babu inda zai ce miki ba aikinsa ba ne.”

Ta ɗauke shi, ta juya shi a hannu kamar tana duba ƙuli, ta ce a sa a leda. Alhaji ya ƙara da cewa a zubar da tsohon man birki a zuba sabo, a kai faifai a goge shi ya yi sumul. Suna fita ya biyo su da murya: “Kada ka kai shi rami yana sabo fa! Sai ya saba da faifai tukuna.” Da Mu'az ya ji wannan magana daga baya, sai ya ce, “To me kake so mai kaya ya ce? So yake ya cinye da wuri ku koma ku sayi wani.”

Lukumanu bakanike ya goge faifai, ya sauya mai, ya ɗaura sabon takalmi. Amma mukulli bai bar bakin zanen Saude ba. Kullum da safe ita take kwance shi ta ba Yusha'u, da yamma ta karɓa. Ta kuma ɓullo da wata hanya ta gwaji wadda ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Ta sami ƙaramar ƙwarya, ta cika ta da ruwa, ta ɗora a cinyarta a kujerar gaba. In sun kai inda hanya ta miƙe babu kowa, sai ta bar shi ya ɗauki gudu, can ba zato ta ce, “Tsaya!” Dole ya tsaya nan take, kuma kada ruwa ya zuba. In ya rage gudu har ta gamsu, sai ta ce, “Mu je.” Ba a jimawa sai ta sake.

Kwanakin farko Saude da jiƙaƙƙen zane take isa kasuwa. Birkin yana kamawa, amma ba bai ɗaya ba, wani sa'in ya fizga, wani sa'in ya yi sanyi, ga wani wari kamar na ƙonannen roba. Takan ce, “Ka jiƙa ni, ɗan nan. Mu je, a sake.” Da sanyin safiya ta gwada shi, da zafin la'asar a kan hanyar dawowa ta gwada shi, da kaya da babu kaya. Sannu a hankali warin ya ɓace, fizgar ta daina. Lukumanu ya leƙa wata rana ya ce faifan ya yi launin toka bai ɗaya daga baki har ciki. Ƙafar Yusha'u ma ta koyi abin da ba ta sani ba: ya danna da ƙarfi tun farko, ya sassauta kaɗan kaɗan yayin da mota take mutuwa, har ta tsaya ruwa yana rawa bai tsallake baki ba.

Ana cikin haka labari ya zo daga Rogo. Maikuɗi, wanda ya ci kaka shida da birkin da yake aiki da shi kullum, ya ce ta bakwai ba za a yi ta da tsohon abu ba. Wani ƙanensa da ke ƙasar waje ya aiko masa da takalmin tsere, ja jawur, a cikin kwali mai zane. Ya ajiye kwalin a tasha, ƙarƙashin inda ƙwarya take rataye. Mai son gani sai ya wanke hannu. Da aka tambaye shi yaushe zai ɗaura, ya ce, “Ranar da safe mana. Kun taɓa ganin na sa rigar Sallah tun azumi bai ƙare ba?” Tasha ta ɗauki shewa, domin haka muke da sabon abu: a ajiye shi a naɗe sai ranar da za a gan shi.

Wannan magana ta tayar da hankalin direbobin Karaye. Suka taru, Mu'az a gaba, suka zo gidan Saude, suka ɗauko ni don in zama shaida. Mu'az ya gaishe ta har ƙasa, ya ce, “Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mun zo roƙo ne. Na Maikuɗi yana kwali ko iska bai sha ba, namu kuwa kullum ana cin sa a hanya, tsaya, mu je, tsaya, mu je. Ki taimaka a cire shi a ajiye, ko motar ta huta zuwa ranar. Mu za mu riƙa kai miki kaya kyauta.”

Ta ce, “Mu'az, ba kai ne mai birkin da sai ya yi zafi ba?”

“Ni ne, Hajiya.”

“Jarkata tana gaishe ka.”

Aka yi dariya, har shi. Sai ta juyo gare ni. “Baba Audu, ranar da mahaifina ya fara shiga rami, daga ina ya fito?”

Na ce, “Daga aiki. Tun asuba yake jigilar gyaɗa, ya sauke buhun ƙarshe ya zarce Zoza. Da ɓawon gyaɗa a bayan motarsa ya tsaya a gaban ƙwarya.”

Ta ce, “Kun ji. Ku gaida gida.”

Suka fita suna gunaguni. A zaure na ji Yusha'u yana ce wa Mu'az, “Wallahi ni ma da farko haka na ɗauka. Amma yanzu in na taka, ji nake kamar da hannuna na riƙe tayar.” Mu'az ya ce, “Ranar dai za mu gani, Angon nono.”

Ranar ta zo. Saude ta ce akwai wata mai abinci a Rogo da ke jiran jarka biyu, sai an kai mata tukuna. Haka Yusha'u ya bi ta tashar Rogo Sabon Gari da safe, ya tarar an ɗaga motar Maikuɗi a kan jak, jama'a sun kewaye, ana fito da jan takalmi daga kwali.

Maikuɗi ya hango shi, ya ɗaga hannu. “Jikan Sulle! Zo ka yi wa ƙwaryar kakanka sallama, yau za a ɗaura mata aure a Rogo!”

Yusha'u ya ce, “Allah ya kai mu, Yaya Maikuɗi.”

Saude ta leƙo ta taga. “Maikuɗi, sabon kaya ya yi kyau. Ka gwada shi kuwa?”

“Hajiya, wannan ba a gwada shi. Shi yake gwada mutum.”

Da hantsi bakin rami ya cika, mutanen Karaye a gabas, na Rogo a yamma, kowa a saman gaɓa inda mota ba ta kaiwa. Matan rugagen Zoza suka kawo nono, suna ta ba'a da Fillanci da Hausa a kan wanda zai sha musu shi a bana. Aka yi ƙuri'ar shiga, Yusha'u ya faɗo na ƙarshe, Maikuɗi kafin shi.

Motocin farko ba su yi abin faɗa ba. Wani ya tsaya nesa har aka rasa karan da zai kai, wani ya taɓa ƙwarya ta tuntsure. Sai Ɗanmaliki, direban Zoza, wanda yake shiga a ɓangaren Rogo, ya gangaro cikin natsuwa ya tsaya. Aka yanki kara: taƙi ɗaya, daga babban yatsa zuwa manuniya. Yamma ta kaure da ihu, domin ko da Maikuɗi bai yi komai ba, wannan kara ya isa ya riƙe ƙwarya a Rogo.

Maikuɗi ya shiga. Zagayen farko ya yi shi da kyau, ko da yake birkin yana kuka. A na biyu muka ga ya wuce kwana ya dawo da ƙyar. Kafin ya kai gangara ta ƙarshe, hayaƙi yana fita daga tayoyin gaba, wari ya iso har inda muke tsaye. Sabon takalmi, wanda bai taɓa haɗuwa da faifai ba sai ranar, ya sha zafi farat ɗaya, fuskarsa ta narke ta yi santsi. Maikuɗi ya wuce turke, ya taka. Jar fitila ta kama a baya, mota ba ta kama ba. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya yi duk abin da gwani zai yi, kuma da wannan ya rage gudu har ba a ji wa kowa ciwo ba. Amma ƙwarya ta tafi. Alƙalin da ke gefensa ya fito yana share nono daga hula, domin tagarsa a buɗe take.

Gabas ta fara murna, na ɗaga sanda na ce a yi shiru. Karan Ɗanmaliki yana nan. In Yusha'u bai yi ƙasa da taƙi ɗaya ba, faɗuwar Maikuɗi ba ta amfane mu da komai ba.

Aka ajiye sabuwar ƙwarya. Saude ta kwance mukulli daga bakin zane, ta sa a hannunsa, ta ce, “Ni ba zan ce uffan ba. Ka yi yadda ka saba.”

Ya shiga. Motar tana da maiƙon jarka a baya, rim ɗinta baƙi ƙirin da tokar birki. Ya hau, ya gangara, ya sha kwana, kowane taki mota tana amsawa kamar na farko. Babu hayaƙi, babu wari. Ya fuskanci gangara ta ƙarshe, ya wuce turke, jar fitila ba ta kama ba. Duk waɗanda suka riga shi a kan turke suke takawa. Shi ya bar ta tana tafiya, tsawon mota ɗaya, tsawon mota biyu. Mu'az ya dafe kai. Sai wata murya ta tsaga ramin daga gabas, muryar da ta yi alkawarin shiru:

“Tsaya!”

Fitila ta kama, hancin mota ya duƙa, tayoyi suka ciji marmara ba su ja ba. Gudun ya riƙa mutuwa kamar ana zare shi da hannu, har ta zo ta tsaya da 'yar ƙara siririya. Nono ya yi rawa a cikin ƙwarya, ya kwanta.

Alƙalai suka durƙusa da kara da wuƙa. Abin da suka yanko yatsu uku ne.

Kafin ihu ya lafa, wasu daga Rogo suka taso suka ce an taimake shi daga waje, Hajiya ce ta ba shi lokaci. Alƙalai suka ce a tambayi wanda ya ga farkon abin. Na ce, “A ranar da Sulle ya fara shiga ramin nan, Tasalla tana tsaye a gaɓar nan, kuma da ta ga mota ta nufo nononta, ihun da ta yi an ji shi a cikin garin Zoza. Ba wanda ya ce ta taimake shi. Ka'ida ta hana taɓa birki kafin turke, ba ta hana mace tsoron kayanta ba.” Maikuɗi da kansa ya ce a bar maganar. Ya je ya ɗauko ƙwaryar Sulle daga hannun mutanensa, ya kawo ta da hannu biyu, ya miƙa wa Saude, ba Yusha'u ba.

Ya ce, “Hajiya, ke kika ci.”

Yusha'u ya matso, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, “Yaya Maikuɗi, sannu da ƙoƙari. A kawo fura?”

Ramin duka ya fashe da dariya, gabas da yamma. Maikuɗi ya kai masa duka da hula. Saude ta ce, “Rashin kunya ke nan,” amma ta aika aka sayo furar, aka dama da nonon ƙwaryar da ba a taɓa ba, Maikuɗi ya fara sha.

Washegari da sassafe, ga mamakin Yusha'u, ta fito da ƙaramar ƙwaryarta cike da ruwa.

“Gwaggo, har yanzu?”

“Jiya ya sha zafi. Ina so in ga ko ya san ni da sanyi.”

Suka kama hanya cikin raɓa. Daidai gonar dawar nan ta ce, “Tsaya!” Mota ta tsaya, zanenta a bushe. Ta watsar da ruwan ta taga. Da yamma suka dawo, ya miƙo mata mukulli a ƙofar gida, ta wuce ciki ba ta karɓa ba.

Ga abin da aka samu a wannan kaka, ga kuma abin da aka riƙe. Ƙwaryar Sulle ta koma Kafin Dafga, tana rataye a zauren gidan da ta fara shiga, da ɗan guntun kara na yatsu uku ɗaure da zare a bakinta, kuma ƙidayar kaka bakwai ta koma farko. Yusha'u ya riƙe mukulli. Sunan Angon nono ya tashi daga Karaye ya koma Rogo Sabon Gari, inda Maikuɗi yake amsa shi da fara'a. Takalmin tsakiya yana nan a motar, Lukumanu ya duba ya ce fiye da rabinsa bai taɓu ba, da shi ake zuwa kasuwa, da shi za a koma rami. Rim yana baƙi, Yusha'u ne mai wankewa. An yi asarar jarkar mai ɗaya, Saude ba ta daina ambatonta ba in ta ga Mu'az. Ka'idar Sulle kuwa, cewa motar aiki ita ce motar rami, ta tsaya yadda ya bar ta, ba a ƙara mata ba, ba a rage ba.